Muryar Bob Dylan: ɗaga waƙoƙinsa take yi ko danne su?

Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce ka ji ana ta kuranta Bob Dylan, mawaƙin nan na Amurka, har kyautar Nobel ta adabi aka ba shi a 2016, ka je ka kunna waƙoƙinsa da zumuɗi sai ka ci karo da wata murya ta hanci mai kaushi wadda ko minti biyu ba ka iya jurewa ba, shine kake so ka sani ko wannan muryar tana cikin abin da ya sa ake girmama shi, ko kuwa haƙuri kawai mutane ke yi da ita albarkacin rubutun. Ni aikina ɗaukar murya da haɗa sauti a situdiyo, na daɗe a ciki, kuma wannan gardamar mun sha yinta da mawaƙa da furodusoshi. Amsata a gajarce ita ce muryar tana korar mutane da yawa tun daga bakin ƙofa, amma wanda ya daure ya shiga ita ce dai ke hana shi fita. A lissafina ribar da ta jawo wa Dylan ta fi asarar, sai dai ba don kaushin ba, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskuren fahimta, har da masoyansa.

Idan mutum ya ce wane ba shi da murya, abubuwa da dama ne ya dunƙule wuri guda. Akwai amon muryar kansa, wato zaƙi ko kaushi ko dishewa. Akwai iya hawa da sauka, nisan da muryar ke kaiwa sama da ƙasa. Akwai zama daidai kan kii, wato matakin sautin da aka ɗora waƙar a kai, ba tare da zamewa ba. Akwai furuci, ko ana jin kalmomin tar. Sannan akwai inda mawaƙi ke ajiye kalma a kan kiɗa, ya riga bugun ko ya jinkirta, ina zai ja wasali, ina zai datse, ina zai yi numfashi. Na farko yawancinsa halitta ce. Tantanin murya guda biyu ne a maƙogwaro, iska na wucewa suna kaɗawa, na namiji in yana magana wajen sau ɗari da wani abu a daƙiƙa, na mace kusan ninkin haka. In suna haɗuwa sumul suna kaɗawa a tsare sai a ji murya garau, in ba sa rufewa da kyau ko kaɗawar ba ta tafiya daidai sai a ji dishewa da gurnani. Sauran kuma siffar baki da hanci da maƙogwaro ke ba shi launi. Dylan a amo ba shi da abin da kunne ke so a jin farko, wannan ba gardama. A hawa da sauka tsaka-tsaki ne. Kii kuwa a faya-fayansa na shekarun 1960 da 1970 ya fi zama a kai fiye da yadda ake zarginsa, abin da yake yi shi ne zamowa cikin sautin daga ƙasa maimakon ya faɗo kansa kai tsaye, sai wanda bai saba ba ya ɗauka kuskure ne. Amma a na ƙarshen nan, ajiye kalma, gaskiya mutanen da suka kai shi ƙalilan ne, kuma duk abin da ake yaba wa "muryar Dylan" kusan wannan ake nufi ko da mai yabon bai sani ba.

Asarar kuwa tana nan a rubuce ba sai an yi musu ba. John Hammond ne ya ɗauke shi a kamfanin Columbia a 1961, albam ɗinsa na farko ya fito 1962 bai yi kasuwa ba, har a cikin kamfanin ana yi wa Hammond ba'a cewa ya yi wauta. Blowin' in the Wind shi ya rubuta, amma waɗanda suka kai ta lamba 2 a jadawalin Billboard na Amurka a 1963 su ne Peter, Paul and Mary, masu murya mai santsi da haɗin amshi. Mr. Tambourine Man tasa ce, The Byrds ne suka kai ta lamba 1 a Amurka da Birtaniya a 1965. All Along the Watchtower ya fitar a 1967, yau kowa ta Jimi Hendrix ta 1968 ya sani, har shi Dylan ɗin ya koma yin ta a dandali da salon Hendrix. Make You Feel My Love tana cikin albam ɗinsa na 1997, amma matasa da yawa sun ɗauka ta Adele ce saboda ta sake rera ta a 2008. Shi da bakinsa bai taɓa kai waƙa lamba 1 a babban jadawalin Billboard na waƙoƙi ɗari ba, lamba 2 ce ƙololuwarsa. Toh ka ga, waƙa iri ɗaya, kalmomi iri ɗaya, an canza maƙogwaro kawai kasuwa ta buɗe. Duk mai ce maka muryar ba ta rage masa komai ba son zuciya yake faɗa.

Amma ka duba me aka biya kafin a samu wannan kasuwar. Mr. Tambourine Man ta Dylan baiti huɗu ce, ta haura minti biyar. The Byrds baiti ɗaya kacal suka ɗauka da amshi, suka yi ta a minti biyu da 'yan kai, suka lulluɓe ta da jita mai tsirkiya goma sha biyu da muryoyi masu daɗi. Abin ya yi kyau wallahi, ni ma ina sonta, amma waƙar ta koma abin rausaya kai, ba wanda ke tambayar me ake faɗa. Haka Blowin' in the Wind, tambayoyi ne a jere kan yaƙi da zalunci, a bakin Peter, Paul and Mary sun zama kamar rarrashi, a bakin Dylan da jita ɗaya da ƙaramar sarewar baki kuwa sai ka ji kamar mutum ne ya tsare ka yana jiran ka ba shi amsa. Murya mai zaƙi sosai tana da wannan matsalar, kunne na tsayawa a kanta ya more, kalma ta wuce ba a lura ba. Murya mara ado ba ta ba ka wurin tsayawa, dole ka gangara kan abin da ake cewa. Columbia sun gane haka da wuri, a tsakiyar shekarun 1960 tallar da suka riƙa yi ita ce babu mai rera Dylan kamar Dylan.

Kuma akwai waƙoƙin da sai wannan muryar. Ka kunna Like a Rolling Stone ta 1965, minti shida da ɗoriya a lokacin da gidajen rediyo ba sa son abin da ya wuce uku, amma ta kai lamba 2. Waƙar gori ce, ana yi wa wata da ta taso cikin gata ta faɗo ƙasa. Ka saurari yadda yake tara kalmomi masu amsa-amo ɗaya a farkon baiti, yana jefo su da sauri ɗaya bayan ɗaya kamar zai riga ganga, sannan da ya zo tambayar amshi sai ya kama wasalin ƙarshe ya ja shi ta hanci, ya lanƙwasa shi sama. Wannan jan shi ne gorin. Ba a rubuce yake a takarda ba, in ka karanta baitin ba za ka gan shi ba. Manyan mawaƙa da dama sun sake yinta, har da Rolling Stones, ba wanda ya ƙwace ta daga hannunsa yadda Hendrix ya ƙwace All Along the Watchtower, saboda mai murya mai daɗi in ya yi gori sai ya fito kamar wasa yake.

Wani abu da mutane ba su cika sani ba, muryar nan rabinta zaɓi ce. Dylan an haife shi 1941 a jihar Minnesota, sunansa na yanka Robert Zimmerman, yana ɗan shekara ashirin ya riƙa waƙa da muryar tsohon manomi don ya ɗauki salon Woody Guthrie, wani mawaƙin gargajiya na Amurka, wanda har asibiti ya je duba shi a 1961, da kuma tsofaffin mawaƙan blues, kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, da na karkara da ya saurara a faifai. Su waɗannan ba zaƙi suke nema ba, labari suke bayarwa. Hujjar ita ce 1969, ya fitar da Nashville Skyline da wata murya mai laushi da zurfi wadda mutane da yawa ba su gane shi ne ba, ya ce wai daina shan taba ya yi, Lay Lady Lay ta shiga goman farko a Amurka. Wato da ya ga dama zai iya zama a nan ya ci kasuwa. Bai zauna ba, ya koma kan kaushinsa. Akwai kuma abin da ya faru daren da aka ɗauki We Are the World a Los Angeles, Janairun 1985, hoton bidiyon yana nan. An tara taurari sama da arba'in, Quincy Jones ne furodusa, aka zo kan layin Dylan sai ga shi tsaye gaban makirufo yana motsa baki da ƙyar, murya ba ta fita, ya rasa yadda zai shiga karin da aka tsara wa masu murya irin ta Lionel Richie. Sai Stevie Wonder, makahon mawaƙin nan, ya zauna kan fiyano ya rera masa layin yana kwaikwayon muryar Dylan ɗin, da jan hancin da komai, Dylan yana dariya, daga nan ya bi ya yi. Makaho mai kaifin kunne ya nuna wa mutum yadda ake yin muryarsa. Abin da za a iya kwaikwaya har a koyar haka salo ne mai ƙa'ida.

Shi kansa abin yana masa ciwo fa, kar ka ɗauka bai damu ba. A jawabin da ya yi a bikin karrama shi na MusiCares a 2015 ya yi ƙorafi cewa masu sharhi sun shekara da shekaru suna cewa bai iya waƙa ba, kukan kwaɗo yake, ya tambaya me ya sa ba a faɗa wa Tom Waits da Leonard Cohen da Lou Reed haka. A nan ne ya kawo labarin Sam Cooke, wanda aka ce masa muryarka da daɗi sai ya amsa cewa bai kamata a auna murya da daɗinta ba, a auna ta da ko ta sa ka yarda gaskiya take faɗa. Maganar tana da nauyi don Sam Cooke yana cikin masu mafi zaƙin murya da Amurka ta taɓa yi, kuma jin Blowin' in the Wind na cikin abin da ya tunzura shi ya rubuta A Change Is Gonna Come. Amma ni a nan nake ɗan ja da baya. Kaushi ba gaskiya ba ne. Kunnenmu ne ya saba haɗa dishewa da wahala, da kuka, da tsufa, da rashin barci, sai in mun ji ta mu ce wannan ya ga rayuwa. Mawaƙi na iya yin ƙarya da disasshiyar murya kamar yadda zai yi da mai zaƙi. Aretha Franklin ba ta da kaushin Dylan kuma ba wanda ya taɓa cewa bai yarda da ita ba. Abin da ke sa ka yarda shi ne a ji mawaƙin yana tunanin kalmar a lokacin da yake furta ta, kuma wanda ya rubuta kalma da hannunsa ya fi kowa sanin wacce ce mai nauyi a layin.

Wannan na sha ganinsa a situdiyo. Marubuci zai zo da waƙarsa ya rera ta a matsayin gwaji don mawaƙin da za a ɗauko ya ji karin, muryarsa ba wani abin a zo a gani ba, wani wurin ma ta ɗan zame ƙasa da kii. Sai a kawo ƙwararre ya yi ta tsaf, mu yanka mafi kyawun layi daga ɗauka daban daban mu jona, mu goge ƙarar numfashi, mu sa na'urar gyaran kii ta daidaita ragowar. Ka kunna biyun a jere, na ƙwararren ya fi kyau ta kowace fuska da za a iya aunawa a allon kwamfuta, amma akwai wani layi a baiti na biyu inda marubucin ya ɗan tsaya kafin kalmar ƙarshe, ya ja numfashi, ya faɗe ta a makare kaɗan kamar ba ya so, ƙwararren kuwa ya ɗora ta daidai kan bugu da cikakkiyar murya don haka aka koya masa. Sai ka ga kowa a ɗakin ya yi shiru wani ya ce a sake kunna na farkon. Ba kullum haka ke faruwa ba, sau da yawa na ƙwararren ne ke fita kasuwa kuma daidai ne, amma in ya faru ba ka mantawa. Auto-Tune, manhajar gyaran kii, ya fito 1997, Cher ta sa duniya ta san shi da Believe a 1998, tun daga nan zama kan kii ya daina zama abin tinƙaho don kowa na iya saya. Abin da har yanzu ba na'urar da za ta ba ka shi ne sanin inda za ka makara.

Leonard Cohen misali ne da ya fi karkata ɓangaren cutarwa, a farko dai. Ɗan Montreal ne a Kanada, marubucin waƙoƙin takarda da littattafan labari ne kafin ya kama jita, Judy Collins ce ta fara rera Suzanne a 1966 kafin nasa albam ya fito 1967. Hallelujah ya fitar da ita 1984 a albam ɗin da Columbia suka ƙi fitarwa a Amurka, kuma in ka ji tasa za ka gane me ya sa ta kwanta shekaru, karin waƙar yana hawa ne mataki mataki har ya kai ƙololuwa, shi kuwa kusan karanta ta yake da murya can ƙasa, 'yan amshi ne ke ɗaukar hawan. Sai da John Cale ya yi ta da fiyano kaɗai a 1991, Jeff Buckley ya ɗora a 1994, sannan mutane suka ji ashe ga abin da ke ciki. A Kirsimetin 2008 a Birtaniya ta Alexandra Burke ce lamba 1, ta Buckley lamba 2, ta mai waƙar tana can ƙasa a talatin da wani abu. A nan muryar ta danne waƙar, ba wata kwana-kwana. Amma Cohen ya san iyakarsa ya yi dabara, kullum yana kewaye kansa da mata masu murya garau irin su Jennifer Warnes da Sharon Robinson su riƙe karin shi ya riƙe magana, yana kuma yi wa kansa ba'a, a wata waƙarsa ta 1988 ya ce an haife shi da baiwar murya ta zinare, da aka ba shi kyautar Juno ta gwarzon mawaƙi namiji a 1993 ya ce a Kanada ne kaɗai mai murya irin tasa zai ci wannan. Da ya tsufa muryar ta ƙara nutsewa sai ta zo daidai da abin da yake rubutawa, mutuwa, Allah, nadama. You Want It Darker ya fito Oktoban 2016, ya rasu a Nuwamba yana da shekara 82, kuma ban ga mai zaƙin muryar da zai rera waɗannan waƙoƙin su yi nauyin da suka yi a bakinsa ba.

Tom Waits kuma nasa kaushin ya fi na kowa, gurnani ne sosai, Rod Stewart ne ya kai Downtown Train lamba 3 a Amurka bayan Waits ya fitar da ita a 1985 ba ta je ko'ina ba. Amma da kamfanin Frito-Lay suka yi tallar wani abin taɓawarsu mai suna Doritos da wani mai kwaikwayon muryarsa ya kai su kotu, a 1990 aka yanke a biya shi sama da dala miliyan biyu, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da mafi yawansa a 1992. Ba waƙarsa suka sata ba, amon muryar ne. Mawaƙa masu murya mai daɗi dubbai ne kuma da yawansu in ka rufe ido ba ka bambance su, shi kuwa daƙiƙa biyu ta isa.

Akwai kuma wata riba ta gefe da ba a cika lura da ita ba. Waƙa haƙƙin mallaka biyu gare ta, na rubutu da kari, da kuma na ɗaukar da aka yi a faifai. Duk wanda ya sake rera waƙarka kai marubuci kana da kaso. Marubucin da muryarsa ba ta cika waƙar ba yana barin fili, wani mawaƙin zai ji ya ce ai ni zan iya kai wannan inda bai kai ba. Kwatanta da I Will Always Love You, Dolly Parton ta rubuta ta fitar 1974, Whitney Houston ta yi ta 1992 ta rufe ƙofa, bayanta duk wanda ya taɓa waƙar, gwada kansa kawai yake da ita. Waƙoƙin Dylan kuwa an sake rera su sau dubbai, a Disambar 2020 ya sayar wa Universal haƙƙin rubutun waƙoƙinsa sama da 600, kuɗin da jaridu suka ruwaito ya kai dala miliyan 300 ko fiye. Wani ɓangare na wannan darajar daga bakin wasu ta zo.

Tsufa ma yana yi musu sauƙi. Wanda jarinsa hawa sama ne, ranar da muryar ta fara gajiya jama'a za su ji abin da ya ɓace. Wanda tun farko ba a zo don zaƙi ba ba abin da zai rasa sosai. Time Out of Mind na 1997 muryar Dylan ta riga ta tsage, furodusa Daniel Lanois bai ɓoye tsagewar ba, ya ma turo ta gaba, albam ɗin ya ci Grammy na gwarzon shekara. Mujallar Rolling Stone ta sa shi lamba 7 a jerin manyan mawaƙa ɗari a 2008, jerin masu rerawa fa, ba na marubuta ba, mutane suka yi ta surutu.

Inda ba zan kare shi ba shi ne dandali. Tun 1988 yake yawon wasa kusan ba hutu, kuma akwai shekarun da muryar ta koma gurnani zalla, ga shi yana canza karin tsofaffin waƙoƙi har sai an kai rabi kafin ka gane wacce ake yi, kalmomin ba sa fita. Toh in hujjar duka ita ce muryar tana kai ka ga kalma, ranar da kalmar ba ta jiyuwa hujjar ta rushe, abin da ya rage suna ne kawai da ƙaunar da aka riga aka yi. Masoyansa na gaske za su ce ai sabunta waƙar yake, wani daren haka ne, wani daren kuwa mutane sun biya kuɗi sun fita ba su ji komai ba. Na biyu shi ne harshe, kuma ina zargin yana cikin abin da ya same ka. In Turancinka bai kai ka kama habaici da jirwaye a cikin gudu ba, abin da ya rage maka amon ne, kuma amon Dylan shi kaɗai ba ya ciyar da mai sauraro. Shi ya sa Lata Mangeshkar ta ratsa ƙasashen da ba a jin kalma ɗaya ta Hindi, a fina-finan Indiya marubuci daban mai rerawa daban, an zaɓi maƙogwaron ne don ya yi aikin ko ba a gane ma'ana ba. Dylan ba ya tsallake wannan katangar da sauƙi, kuma wannan ba laifin kunnenka ba ne.

Sannan a yi hattara da lissafin. Muna kiran sunan Dylan da Cohen da Waits da Neil Young ne don su suka tsira. Marubuta nawa ne masu irin wannan muryar da aka kashe faifansu bayan daƙiƙa ashirin ba wanda ya sake jin labarinsu? Akwai kuma manyan marubuta irin Burt Bacharach da Jimmy Webb da suka fitar da faya-fayai da muryarsu, amma duniya a bakin Dionne Warwick da Glen Campbell ta san waƙoƙinsu, kuma hakan bai rage musu daraja ba. Yaran da ke zuwa wurina da murya a warwatse suna cewa ai Dylan ma bai iya ba, abin da nake ce musu shi ne su buga min tafi kan bugu na minti ɗaya tukuna, sannan su karanta min baitin ba kiɗa in ji ko zai tsaya da ƙafarsa. Yawanci a nan maganar ke ƙarewa.

In kana so ka ba shi dama ta biyu kar ka fara da na farko farko ko na baya bayan nan. Fara da Blood on the Tracks na 1975, nan muryar ta fi zama tsakiya, ga ƙarfi ga taushi, ka buɗe kalmomin a gabanka kana bi, kuma ka ba shi ji uku ko huɗu a ranaku daban, kunne yana sabawa da amo fiye da yadda muke zato. Daga nan ka ɗauki waƙa ɗaya ka ji tasa ka ji ta wani a jere, ka lura da kalmar da kowannensu ya danna. In bayan haka har yanzu ba ta shige ka ba, Odetta ta yi albam guda na waƙoƙinsa a 1965, Joan Baez ta yi nata a 1968, Nina Simone ma ta rera wasu, ka ji su a can.